Tuwonmu a Waje, Maigida a Zaure

Ban taɓa ganin maza masu tsoron kalma irin mazan layinmu na Hausari ba. Na ga masu tsoron kura, na ga masu tsoron allura, duka na yi musu uzuri. Amma a ce gardawa masu gemu, ciki har da wanda sana'arsa kayar da bijimi ce, su yi shekaru suna kewaye wata 'yar maganar Turawa kamar an haƙa musu rijiya a tsakiyar hanya, wannan kam har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Ni 'yar Mamudo ce, aure ya kawo ni Potiskum ana saura kaɗan sojoji su karɓi mulki. Mijina Bafulatani ne, dillali a kasuwar shanu, dogo, siriri, mai bakin barkwanci. In ya buɗe baki, ko a zaman makoki ne sai ka ga mutane suna rufe fuska da hannun riga. Gidanmu ne na ƙarshen layi, kuma jikin katangarmu akwai wani babban dogon yaro. A gindinsa mazan layin suke shimfiɗa tabarma bayan sallar magariba su yi ciyayya, kowane gida ya fito da akushinsa, a jera, a cinye na wannan a koma na wancan. Murhuna yana bayan katangar daidai, saboda haka duk abin da aka faɗa a tabarmar nan a kunnena yake sauka, har tanɗar baki. Akwai kuma wata 'yar kafa a katangar da zana ta rufe, ba zan yi ƙarya ba, na san amfaninta.

Masu zaman tabarmar ba su da yawa. Akwai limamin masallacin layin, tsoho mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya ce ya ƙoshi ba. Akwai mahauci, ƙato, mai murya kamar ganga. Akwai masinjan wani ofishin gwamnati, wanda yawan kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan ya sa yake ganin shi ma rabin gwamnati ne. Sai akawun ofishin nasu, wanda shi ne mafarin abin. Akushina kuwa shi ake fara buɗewa. Ba yabon kai ba ne, miyar kukata da man shanu ko matan layin sun sallama mini.

Akawun nan ɗan layin ne, Babarbare, ubansa fataucin kanwa yake yi. Kowa ya san tsakanin Bafulatani da Babarbare wasa ne, kowanne cewa yake ɗayan bawansa ne, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Da can akawun yana iya ramawa. Mijina zai ce masa bawana, shi kuma ya ce Fulani sun fi sanin sunan saniya a kan sunan 'ya'yansu, a yi dariya a ci tuwo. Sai aka tura shi kwas Zariya na 'yan watanni. Da ya dawo, wani mutum daban ne ya sauko daga mota. Safa a ƙafa ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, agogon da yake dubawa ba tare da yana da inda za shi ba, kowace magana sai ya yayyafa mata Turanci kamar mai barbaɗa yaji. Ya kuma fara fitowa ciyayya da cokali a aljihu.

Wata yamma ya zo da baƙo, wani jami'i ɗan kudu da aka turo ofishinsu, Kirista, mai fara'a, wanda bai san komai a Hausa ba sai sannu. Akawun ya sa aka fito masa da kujera, ya kuma zaro cokali biyu. Baƙon ya ƙi kujerar, ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, ya wanke hannu ya tsoma a tuwo kamar a gidansu. Aka bar akawu shi kaɗai yana yankar tuwon dawa da cokali.

Ina leƙe ta kafar nan na ga idon mijina yana ƙyalli, na san ba zai bari ta wuce ba.

"Kai bawana," ya ce, "yatsun naka fa? Ko a Zariya ka manto su?" Ya juya wajen baƙon. "Baƙo, kada cokali ya ruɗe ka. Wannan da kake gani, kakana ne ya sayi kakansa da ƙwaryar nono, nonon ma tsala. Zanen fuskar nan mu muka yi masa don kada ya ɓace mana a kasuwa."

Maganar da aka saba ce, an yi wadda ta fi ta sau ba adadi. Sai dai baƙon ya ga ana dariya ya tambayi abin da aka ce, masinja kuma, wanda dama yake neman inda zai gwada guntun Turancinsa, ya fassara masa bai rage ko wasali ba. Mutumin nan ya yi dariya har ya ƙware, yana dukan bayan akawu yana maimaita maganar nonon. Akawu ya miƙe tsaye. Cokalin yana hannunsa, miya na ɗiga daga jikinsa, da shi ya nuna mijina.

"Daga yau," ya ce, "kai persona non grata ne a wurin nan."

"Me ke nan kuma?" in ji mahauci.

"Mutumin da ba a maraba da shi. Kuma ba ni na ƙirƙira ba. Ba ma Turanci ba ne, yaren Latin ne, wanda Turawan kansu suke cire wa hula. In an faɗa, an faɗa."

Ya ja baƙonsa suka tafi. Tabarma ta kwashe da dariya, ta mijina ta fi ta kowa. Ya shigo gida yana share hawaye, yana cewa bawansa ya je Zariya ya sayo sabon makami. A wurinsa wasan ne ya ci gaba. A al'ada in abokin wasa ya kama ka, ko ya ƙwace maka hula ko takalmi, goro kake ba shi ka fanshi kanka. Sai ya tsara abinsa: gobe zai zauna a zaure kamar ya karɓi hukunci, akawu ya zo ya jawo shi da riga, shi kuma ya miƙa masa goro tare da amsar da zai kwana yana dafawa.

Washegari ya sayo goro fari mai kyau. Da aka idar da magariba ya ɗauki akushi da kansa ya ajiye a kan dakalin ƙofar gida, ya koma zaure ya zauna yana murmushi. Akawu ya fito, ya zauna, ya zaro cokalinsa, bai ko dubi ƙofarmu ba. Sauran suka dubi akawu, suka dubi dakali. Can sai mahauci ya miƙa dogon hannunsa ya jawo akushina tsakiyar tabarma.

"Ai tuwo bai yi laifi ba," ya ce.

Suka cinye tas. Haka aka yi kashegari, haka aka yi bayanta. Mijina yana jiran a zo a ja shi, su kuma suna jiran akawu ya ce a je. Goron nan a aljihunsa ya bushe, ni na cire shi ranar da zan wanke rigar.

Ba a daɗe ba aka yi wa akawun canjin wurin aiki zuwa Maiduguri. Na ce to, Allah ya raba mu da ƙaya, yau maigida zai koma tabarmarsa. A daren farko kuwa na ji liman ya yi gyaran murya ya ce tunda yaron nan ya tafi, ko a kira malam, wato maigidana, ya fito? Sai masinja ya ajiye lomarsa ya yi magana da muryar da yake ajiyewa don manyan al'amura.

"Allah ya gafarta malam, ba haka aiki yake ba. A ofis, oda ba ta tashi sai wanda ya ba da ita ya soke ta, ko na sama da shi. Kuma na bincika. Wannan kalma ƙasa ce take faɗa wa jakadan wata ƙasa, ya tattara nasa ya nasa ya bar gari. Ba maganar tabarma ba ce, maganar ƙasa da ƙasa ce. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta."

Mahauci ya ce gaskiya ne, kuma mutum yau yana Maiduguri, gobe ba ka san a kan wace kujera zai dawo ba, shi kuwa rumfarsa ta kasuwa ba gadon ubansa ba ce. Liman ya ce Allah ya kyauta. Aka buɗe akushina.

Ban iya haƙuri ba, da safe na yafa mayafi na shiga gidan liman, na sa matarsa ta yi mini iso, na yi magana da shi ta bayan labule. Ya saurare ni har na gama.

"'Yata," ya ce, "gaba suke yi da shi?"

"A'a, malam, suna gaisawa, sahu ɗaya suke a masallaci."

"Da yaron ya faɗi maganar, ya ambaci sunan Allah?"

"Bai ambata ba."

"To ba rantsuwa ba ce, balle a yi kaffara. Ba gaba ba ce, balle in yi sulhu. Abin da ba wannan ba, ba wancan ba, ni ban ga babinsa ba. Ki yi haƙuri har mai ita ya zo." Ina shirin tashi ya ƙara da cewa miyar jiya ta yi daɗi, Allah ya yi albarka.

Kada wani ya ɗauka kafin zuwan Latin ba mu san yadda ake ƙin mutum ba. Mun sani sarai, mun ma fi Turawa iyawa. In ba a son ka a tabarma, za a amsa sallamarka a gajarce, ba wanda zai gusa maka, a juyo maka gefen akushin da ba nama. Kai da kanka za ka gane. Ka ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, wata rana ka zo wucewa wani ya ce bisimillah, ka zauna, shi ke nan. Ba wanda ya ba wani haƙuri, don ba wanda ya faɗi komai. Abin da ba a faɗa ba ba ya bukatar a janye shi. Amma wannan an miƙe tsaye an faɗe shi da baki, a gaban baƙo, da yaren da ba wanda ya san yadda ake warware shi. Magana zarar bunu ce, suka ce, sai suka naɗe hannu suka mai da ragwancinsu bin doka. Har gajarta kalmar suka yi don ta zauna musu a baki. Sai ka ji ana cewa malam ai fasona ne, cikin tausayi, kamar ana faɗin ciwon da ya kama shi.

Na dawo kan maigida. Na ce masa, "Malam, bishiyar nan jikin katangarka take. Fita ka zauna mana, mu ga wanda zai ɗaga ka."

"Ba a kira ni ba," ya ce.

"To a daina kai musu tuwon."

"A'a. Ranar da akushina ya daina fita, ranar na fita daga layin nan. Ki dafa."

Ya faɗe ta a hankali, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ni kuwa sai na ji ya ƙara girma a idona. Na ce wannan shi ne fulakon da ake faɗa, mutum ya ƙi zama inda ba a shimfiɗa masa ba, ya kuma ci gaba da ciyar da waɗanda suka wulaƙanta shi don ya nuna musu ya fi su. Na riƙe wannan fassarar da hannu biyu. A gidan biki in mata suka fara yi mini jaje, sai in ce ai maigidana ne ya yar da su, sadaka yake ba su kullum kamar yadda ake zuba wa kaji tsaba.

Amma ni ba Bafulatana ba ce, ba ni da wannan haƙurin. Wata rana na zuba barkono a miyar har ni mai dafawa ina atishawa. Ina jin su ta bayan katanga suna jan hanci, suna neman ruwa, mahauci yana cewa kai, yau uwargida ta yi fushi. Akushin ya dawo kamar an wanke. Wata rana na hana ta gishiri kwata-kwata. Masinja ya aika gidansa aka kawo gishiri. Daga nan na gane ba a kunyata mutum ta cikinsa, na koma dafa abina yadda na iya, don kada a ce hannuna ne ya lalace.

Da na haifi ɗana na fari, duk sun zo suna da sassafe. Liman ne ya raɗa sunan, mahauci ne ya feɗe ragon, masinja ne ya raba goro yana ba da umarni kamar a ofis. Suka rungumi maigida, suka yi masa barka, suka yi addu'a mai tsawo Allah ya raya. Na ce yau kam ƙarshenta ke nan, wanda ya ci naman sunan ɗanka da safe ba zai bar ka a zaure da yamma ba. Da magariba ta yi aka shimfiɗa tabarma, maigida ya ajiye akushi a dakali cike da naman ragon, hannun mahauci ya miƙo. Na ji masinja yana bayani cewa odar ba ta shafi suna ko jana'iza ba, wurin nan kawai aka ce, saboda haka ba su karya komai ba. Har fatawa suka iya yi wa abin, kiran mutum ne kawai ya gagare su.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka yi yaƙi, motocin soja suka yi ta wucewa ta kan titin Maiduguri, aka gama yaƙin, 'yan kudun da suka tafi wasu suka dawo suka buɗe shagunansu. Mutanen da aka ɗaga wa bindiga sun dawo an zauna da su, mijina da aka ɗaga wa cokali yana nan a zaure. Sunan ma ya bi shi kasuwar shanu. Mutanen ƙauye da suka ji ana ce masa fasona sai suka ɗauka wata shari'a ce tsakaninsa da gwamnati, wasu suka koma wajen wasu dillalan. Bai taɓa yi mini ƙorafin wannan ba.

Abin da na gani da idona shi ne bakinsa ya mutu. Barkwanci kamar wuƙa yake, sai ana wasa shi a jikin wani. Mutumin da ke sa masu makoki dariya ya koma sannu, yauwa, Allah ya kyauta. Yana cin tuwonsa shi kaɗai a zaure, a ƙaramin kwano, kuma kullum a gefen da ke jikin titi yake zama. Wani lokaci in na kawo masa ruwa sai in tarar ya tsaya da loma a hannu, ya karkata kai. In aka yi abin dariya a waje sai in ga kafaɗarsa tana motsi, leɓensa yana haɗa amsar da zai bayar da yana wurin. Da ya gan ni sai ya gyara fuska ya ce ruwan ya yi sanyi. Tausayinsa yakan kama ni har in rasa inda zan sa kaina, sai in koma murhu in zage su ɗaya bayan ɗaya a zuciyata.

A shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, labari ya zo cewa akawu zai zo ganin gida. Yanzu ba akawu ba ne, babban jami'i ne, da mota da direba. Layinmu ya rikice kamar an ce ga gwamna. Aka share gindin dogon yaro, aka aro sabuwar tabarma, masinja ya goge takalminsa har yana ɗaukar ido. Da safe maigida ya shigo da kaji biyu da garin burabusko, abincin Barebari, ya ce in yi iyakar iyawata. Da yamma ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta salla, ya murza hula, ya ajiye akushi a dakali ya koma zaure ya zauna.

Na ji daɗi da na gan shi haka. Na ce yau ce ranar. Ya yi ado ne don in sun zo ba shi haƙuri su same shi a cikin girmansa, ya dube su sama da ƙasa ya ce ya gode. Ni har na shirya masa kalmomin a raina, na yi shekaru ina gyara su.

Motar ta tsaya, aka yi ta lale lale da wushe wushe irin ta Barebari. Na leƙa. Ya yi ƙiba, wuya ya ninku, safar tana nan. Ya zauna a tsakiya, aka jawo akushina gabansa, ya wanke hannu ya tsoma. Ya yi loma uku, sannan ya ɗaga kai.

"Kai! Wannan hannun na san shi. Gidan Bafulatanina ne, ko ba haka ba? Ina yake ne? Ko ya rasu ba a gaya mini ba?"

Masinja ya gyara zama ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, yana nan. Ai odar nan ce. Ba ka ɗage ba ka tafi."

"Wace oda?"

"Ta fasona, ranka ya daɗe. Ranar da ka zo da baƙo."

Ya ɗaure goshi yana tunani, yana tauna cinyar kazata. Ya ce wane baƙo? Sai da masinja ya ba shi labarin tun daga kujera har cokali, mahauci yana cike masa gurbi, sannan ya tuna, ko ya yi kamar ya tuna. Ya fashe da dariya, irin dariyar da ke sa tumbi rawa, har sai da direbansa ya leƙo daga mota.

"La ila! Wai tun ranar? Ku dai ba ku da dama. Ai magana ce kawai. Haka Turawa suke faɗa a hira, ba sai jakada ba. Matar wani Bature da na yi aiki a ƙarƙashinsa haka take ce wa kyanwarta in ta hau tebur, an jima ka ga kyanwar a cinyarta. Ni kaina makon jiya matata ta ce mini haka don na dawo gida a makare." Ya share ido da bayan hannu. "Oda! Kai, Potiskum!"

Kyanwa. Na tsaya da ludayi a hannu. Ina jiran in ji wani ya yi salati, ko wani ya sunkuyar da kai. Sai na ji mahauci ya ce wallahi shi dama tun farko ya faɗa wasa ne. Masinja ya ce shi ma ya yi zargin haka, bin tsari ne kawai. Liman ya ce alhamdulillahi, rashin sani ya fi dare duhu. Suka bi babban mutum da dariya, kowa yana ƙoƙarin tasa ta fi ƙarfi. Ba wanda ya cire hannu daga akushin.

"To ku kira shi mana," in ji tsohon akawu. Ya ɗaga murya wajen ƙofarmu. "Kai Bafulatani! Fito!"

Na yar da ludayin na ruga ƙofar zaure ta ciki. Duk abin da na ji maigida ma ya ji, katanga ɗaya ce. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin nan: ya fita a hankali cikin babbar rigarsa, ya ratsa tsakiyarsu, ya ɗauke akushinsa daga ƙarƙashin hannayensu, ya juyo gida. Da ya yi haka da na yafe wa shekarun nan duka.

Kafin muryar ta gama sauka ya miƙe. Sauri ya sa ƙafarsa ɗaya ta kuskure takalmi, bai tsaya nema ba, haka ya fita da ɗaya. Na koma kafar katanga. Suka gusa masa, ɗan wuri kaɗan tsakanin mahauci da masinja, ya shige ya zauna yana haki, yana miƙa wa kowa hannu biyu kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Bawana," ya ce, muryar tana karyewa, "ka dawo?"

Na san yana neman abin da zai ɗora a kai. Na ga bakinsa yana motsi. Ba abin da ya fito. Tsohon akawu ya dube shi daga hula har ƙafar da ba takalmi.

"Tsoho, ka rame fa," ya ce. "Ba sa ba ka tuwo ne a gidan naka?"

Aka yi dariya. Mijina ma ya yi, har da tafa hannu. Ya tsoma hannu a abin da suka rage.

Bayan an yi isha'i ya shigo, fuskarsa tana haske irin wanda rabona da gani tun ina amarya. Ya tarar da ni zaune bakin murhu, wutar ta mutu. Ya ajiye akushin a gabana, an lashe shi tas.

"Kin ji ko?" ya ce. "An ɗage."

Na dube shi. Mutumin da na yi shekaru ina gaya wa matan gari cewa shi ya yar da su, ashe duk zaman nan ba fushi yake yi ba, layi yake bi yana jiran a kira shi. Ban san wanda na fi jin haushi ba a lokacin, su ko shi, ko ni da na ɗinka masa rigar da ba tasa ba.

"Bawan nawa yana nan har jibi," ya ce. "Gobe ki ƙara man shanu."

Na ce to, Allah ya kai mu.